Lambar Idon Goggo

Shekarar da Yaya ya ce zai ɗauke Goggo daga gidanta na unguwar Dogo Tebo a Potiskum ya mayar da ita Damaturu, ni aka sa a tsakiya, don kawai ni ce mai gwangwanin tabarau. Goggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji. Yaya kuma ɗanta ne na fari, shi kaɗai ne namiji a cikin waɗanda suka rayu. A ƙa'ida taubashina ne, mun kuma sha tsokanar juna, amma tukunya ɗaya ta ciyar da mu, saboda haka Yaya nake ce masa. Idon Goggo ne ya fara ja da baya, shi kuma ya yanke hukunci: in tabarau zai gyara mata gani, ta zauna a gidanta, in ba zai gyara ba, ta tattara ta bi shi. Goggo kuwa ba abin da ta tsana a duniya kamar a ce ta bar gidan nan.

Bari in fara faɗin yadda gwangwanin ya zo hannuna. Maigidana ɗan asalin Kano ne, iyayensa fatake ne da suka zo Potiskum suka ga wuri suka zauna. Tebur gare shi a kasuwa, yana kasa agogo da tocila da tabarau. An kai ni gidansa a unguwar Bolewa ba a daɗe da ba mu jihar Yobe ba, lokacin da duk ma'aikacin da ka gani yana ɗaure kaya zai koma Damaturu. Ina amarya, ba aikin fari bare na baƙi, sai idona ya faɗa kan wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado. An ce kada in taɓa, ni kuwa ina jin fitar maigidan na jawo abina. Tabarau ne a jere, kowanne an naɗe shi da tsumma, kuma a jikin kowane gilashi an manna 'yar takarda da ba ta fi farce girma ba, da wata alama da lamba. Na ɗora ɗaya a hanci na dubi ƙofa, ƙofar ta narke, kaina ya juya, na yi maza na mayar. Da ya dawo ya ɗaga shi wajen haske, ya ga sawun yatsana da man gyaɗa ɓaro-ɓaro, sai ya yi dariya ya ce tunda na fara leƙe, gara in koyi sana'ar gaba ɗaya.

Ashe dama yana neman hannu. Matan aure da tsofaffi ba sa zuwa teburinsa, mazan ne ke zuwa saya musu. Mutum zai tsaya ya ce, “A ba ni tabarau na tsohuwa,” ya gwada a idonsa, in ya yi masa kyau a madubi ya sa a aljihu. Abin yana ƙona wa maigidana rai. Yakan ce ko takalmi za a saya wa mace ai ana zuwa da zare an auno ƙafarta, amma ido, da yake shi ba ya magana, sai a yi masa cinikin ka-cici-ka-cici. Yana son mace da za ta shiga gidaje ta gwada wa kowa da idonta.

Da la'asar yake koya mini, a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Alamar farko ita ce ta tarawa, wadda muka sani a lissafin firamare. Duk gilashin da ke ɗauke da ita na masu wahalar ganin kusa ne: wadda kafar allura ta gagare ta, wanda yake nesanta Alƙur'ani daga fuskarsa har hannu ya ƙare. Ta biyu alamar ɗebewa ce, ɗan layi kwance, ta waɗanda nesa ke ɓace musu. Su ba su da yawa a cikin masu sayenmu, galibi 'yan makaranta ne da malamansu. Lambar da ke bin alamar ita ce ƙarfin gilashin, tana hawa kwata bayan kwata: ɗaya, ɗaya da kwata, ɗaya da rabi, haka har wajen huɗu. Ya ce kullum in fara daga ƙasa in hau, in tsaya a inda ido ya ce ya isa. Ya ce kuma in na kai ƙarshe ido bai amsa ba, kada in sayar, in ce a je asibiti.

Sai kuma lambobin da ke rubuce a cikin hannun tabarau, wanda ke zuwa bayan kunne. Su ne suka fi rikita mutane, don manya ne, hamsin da wani abu, sai ɗan akwati mai kusurwa huɗu, sai goma sha wani abu, sai ɗari da wani abu. Ba ruwansu da ƙarfi ko kaɗan. Ta farko faɗin gilashin ne, ta bayan akwatin tazarar karan hanci, ta ƙarshe tsawon hannun. Wato dai awon fuska ne, kamar yadda tela ke auna wuya da kafaɗa. Akwai wani alhaji dillalin shanu da ya zo teburin maigidana ya kafe shi lamba hamsin da biyu yake so, irin ta amininsa, ba zai karɓi wata lamba biyu da rabi ba, ai ba yaro ba ne. Sai da aka nemo masa firam mai hamsin da biyu a hannu, gilashin kuma biyu da rabin dai, sannan ya tafi yana murna an girmama shi.

Matsalar 'yan takardun nan ita ce ba sa jure zafin garinmu, in damina ta zo kuma danshi ya ƙarasa su. Sai ka buɗe gwangwani ka tarar sun zube a ƙasa kamar ƙaiƙayi, ba ka san wace ce ta wane ba. Don haka ya koya mini karanta gilashi ba takarda. Za ka riƙe shi sama da layin saƙar tabarma, ka leƙa ta ciki, ka motsa hannu dama da hagu. In layin ya gudu ya saɓa wa hannunka, na tarawa ne. In ya bi hannunka, na ɗebewa ne. Gwargwadon saurin gudun, gwargwadon ƙarfin. Ranar da na fara kama abin na yi ta yawo da gilashi a tsakar gida ina leƙa igiyar shanya da bakin ƙofa, har miyata ta kama.

Ina kewar shekarun nan ƙwarai. Da hantsi nakan yafa mayafi, gwangwani a hammata, in bi inuwar bishiyoyin maina, waɗanda maigidana har ya tsufa darbejiya yake ce musu. Daga Bolewa in gangara Dogo Tebo, wani lokacin a aiko daga Ngojin. Ranar Laraba sai ka yi ta rakuɓewa jikin katanga saboda shanun da ake korawa kara, wato kasuwar shanu. Ba ni da allon haruffa irin na asibiti, kuma da ina da shi ma ba zai yi amfani ba. Kowace mace da aikinta nake gwada ta. Mai ɗinkin hula in miƙa mata allura da zare. Mai abincin sayarwa in watsa mata shinkafa a faifai in ce ta tsince tsakuwa. Mai karatu ta ɗauko Alƙur'aninta ta nuna mini wasali. Ba abin da ya kai daɗin lokacin da aka dace da lamba. Sai ka ga mace ta dubi tafin hannunta, ta juya shi, kamar yau aka ba ta shi.

Ba a rasa drama ba kuma. Wasu ba sa yarda a ɓare takardar, gara ta tare musu gefen ido da a ce ba sabo ba ne. Wasu suna ɓoye lambarsu kamar shekarunsu, sai a ja ni ƙuryar ɗaki a ce, “In an tambaye ki, ki ce ɗaya ce.” Wata tsohuwa Bakarkariya kuma, da Hausarta mai daɗi, ta ture duk abin da na ba ta ta ce, “Yarinya, ka bar wasa, ka ba ni babban.” Na ba ta huɗu ta sa, ta miƙe, ta ɗaga ƙafa sama za ta taka tudun da babu shi, jikokinta suka kwashe da dariya. Ta zauna ta karɓi biyunta ba gardama.

Duk yawon nan, gidan da ban taɓa buɗe gwangwani a cikinsa ba shi ne namu na Dogo Tebo. Mijin Goggo ne ya gina shi lokacin da shanunsu suka ragu suka bar ruga suka shigo gari, ya kama dillanci a kara. Zaure ne da ɗakuna biyu na ƙasa, da randa a gindin lemo, da turken tumaki a kusurwa. Bayan rasuwarsa, mu kuma duk mun watse gidajen aure, ta ci gaba da zama ita kaɗai, tana dama fura tana saƙa faifai. Faifanta har daga ƙauyuka ake zuwa nema don kayan amare. A jikin faifan na fara gane akwai matsala, don na ga ja ya shiga inda kore ya kamata ya bi, kuma Goggo ba ta taɓa irin wannan kuskuren ba. Na yi mata maganar tabarau, ta ce in kai wa 'yan boko, ita idonta ƙalau. Na ƙyale ta, don na san halin kayana.

Sai ga shi wata rana ta kai hannu za ta ɗauki ludayi ta dafa gefen tukunya a kan wuta. Ƙunar ba ta yi muni sosai ba, amma labari ya kai Damaturu, ranar Asabar sai ga Yaya da motar ofis ɗinsu.

Dole in bayyana yadda suke magana, don wanda bai tashi a cikinmu ba zai ɗauka gaba suke yi. Shi ɗan fari ne, Goggo kuma Bafillatana ce ta gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. “Mutumin Damaturu” take ce masa, kafin nan kuma “wancan”. Shi ma Goggo yake ce mata kamar kowa. In ya zo, a bakin ƙofar ɗaki yake zama, ita tana ciki ta ba da gefe, sai a nemo na uku a zaunar a tsakani. Ni ce ta ukun tun ina 'yar ƙarama.

“Ki ce mata na gyara mata ɗaki,” in ji Yaya. “Da fanka, da banɗaki a ciki. Ba za ta ƙara taɓa wuta ba.”

“Ki ce masa na gode. Tumakin fa, su ma da fanka?”

“Ki ce mata ba wasa nake ba. Yau hannu ne, gobe zani ne zai kama.”

A nan ne Yaya ya juyo kaina ya ce, “Ke sarauniyar tabarau, kin warkar da rabin gari kin bar na gida. Ki gwada mata. In an samu lambarta, shi ke nan, na janye. In ba a samu ba, Asabar mai zuwa da ita zan koma.” Na ce masa ai da ma ofis bai koya masa komai ba sai ba da umarni. Ya ce ni kuma aure bai rage mini baki ba. Muka yi dariya.

Na zo wa Goggo da safe a tsakiyar makon, na shimfiɗa tabarma a inda haske ya fi yawa. Karo na farko ke nan da ta zauna mini ba musu, ta miƙo fuska kamar yarinyar da za a sa wa kwalli. Na ba ta faifan da take kan saƙa da allurarta. Na fara da ɗaya, ta ce babu. Ɗaya da rabi, babu. Biyu, biyu da rabi, uku. Ina hawa ina duban fuskarta, don na saba tun kafin a kai nan fuska take sakewa. Na kai huɗu, ta kai faifan har hanci, ta girgiza kai. Na koma na ɗebewa, ko da yake na san ba nan matsalar take ba. Da masu ƙarfin ma ta yi ƙoƙarin tashi, ta dafa bango ta koma ta zauna, ta ce ƙasa tana guje mata.

Na fara naɗe tabarau ina mayarwa cikin gwangwani. Ita kuma ta sa hannu cikin gwangwanin tana lalube, ta zaro wani daga can ƙasa, mai baƙin firam, ba takarda a jikinsa. Ta sa, ta juya kai dama da hagu, ta miƙe tsaye, ta taka har gindin lemo ta dawo ba tangaɗi.

“Wannan ne,” ta ce. “Tar nake gani.”

Farin ciki ya kama ni har na kusa guɗa. Na karɓa don in san lambarsa, na riƙe shi sama da layin tabarma na motsa hannu. Layin bai motsa ba. Na goge gilashin da bakin zani na sake, na gwada ɗaya idon. Layin yana nan inda yake, bai bi hannuna ba bai saɓa masa ba. Na ado ne, irin wanda samari ke saya don gayu, ya ɓato cikin kayan aiki. Gilashin taga ne kawai aka yanka aka sa wa firam.

“Goggo,” na ce, “wannan ba shi da lamba. Babu komai a cikinsa.”

“Na sani, ɓingel, 'yata. Kin ɗauka hankalin ma ya tafi tare da idon? Waɗancan duk suna ɗaga mini ƙasa su sauke. Wannan bai ƙara mini ba, bai rage mini ba. Ya bar mini gidana yadda na san shi.”

Na tambaye ta me take gani tsakani da Allah. Ta ce gefe da gefe duk ya rufe tun bara, saura ɗan tsakiya, shi ma kamar ana leƙe ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Ta faɗe shi ba kuka ba rawar murya, kamar tana ba da labarin wata. Sannan ta ce, “Na ji 'yan takardun nan a gindin gwangwani. Ki ɗauki ɗaya mai lamba babba ki manna masa. Mutumin Damaturu takarda yake ji.”

Raina ya ɓaci, kuma har yau ban san da wa na yi fushi ba, da ita ko da Yaya ko da gwangwanin da ya kunyata ni a gidanmu. Na ce mata ni ba zan manna wa gilashi lambar da ba tasa ba. Ta ce to ba ta tilasta ni ba, amma in bar mata tabaraun. Na bar mata. A hanya ina tafe ina share hawaye da mayafi, har wata da na taɓa gwada wa tabarau ta tare ni tana tambayar ko rasuwa aka yi.

Na gaya wa maigidana komai. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce irin wannan idon na asibiti ne, kuma yana tsoron ko asibitin ma an makara. Na ce ba wannan na tambaye shi ba, me zan ce wa Yaya? Ya ce ba zai ce in yi ƙarya ba, ba kuma zai ce in kai ƙarar uwata ba. Na ce lallai ya taimake ni ƙwarai, Allah ya saka. Na kwana biyu ina auna abin. In na faɗa, na raba ta da gidanta. In na rufe, wuta ta kama ta wata rana, da wane ido zan dubi Yaya? Har Asabar ta zo ban tsai da magana ba.

Ya iso bayan azahar. Mun tarar an share tsakar gida fes, Goggo tana zaune a bakin gado da baƙin tabarau a fuska, ta yi kyau kamar wata shugabar makaranta. Yaya ya zauna a wurinsa na kullum a bakin ƙofa, ni a tsakani. Bayan gaisuwa ta miƙe ba wanda ya sa ta. Ta ratsa ta gabansa, ta je randa ta ɗebo ruwa, ta kewaye turmi, ta shiga ɗayan ɗakin ta fito da ƙwaryar fura, ta dama, ta dire a gabansa daidai, ko ɗigo bai zuba ba. Ta leƙa turke ta yi wa wata tunkiya faɗa don ta tauna igiya. Ni kaina da ban san abin da na sani ba, da na rantse tana gani. Na saci kallon Yaya na ga fuskarsa ta fara sakewa.

Da ta tsaya a nan da shi ke nan. Amma Goggo ta ga kasuwa ta yi kyau, ta so ta ƙara. Ta koma ta zauna, ta ɗan juyo wajensa, abin da ba ta saba ba, ta ce, “Ki ce masa farar rigar nan tasa ta yi datti a wuya. Matar tasa ba ta wanki ne?”

Yaya kullum da fararen kaya yake zuwa, tun yana saurayi haka yake. Ranar kuwa, ban san me ya kai shi ba, shuɗiyar shadda ya sa, shuɗi mai duhu. Ya sunkuyar da kai ya dubi rigarsa. Ni na dubi ƙasa. Ba abin da ake ji sai tumaki suna tuƙa.

“Ki ce mata za a wanke,” ya ce.

Sannan ya tambaye ni lamba nawa ne tabaraun. Na ce babu takarda a jiki, ya duba da kansa. Na karɓo daga fuskar Goggo na miƙa masa. Shi ma mai tabarau ne tun yana sakandare, na ɗebewa mai kauri, in ya cire ko fuskar mutum ba ya ganewa daga nesa. Ya cire nasa ya ajiye a gwiwa, ya sa nata. Ya ɗaga shi sama ya dubi tsakar gida da ido zalla, ya sauke, ya sake ɗagawa. Wanda ya yi shekaru da gilashi a hanci ba sai an gaya masa ba. Ya zauna haka da tabaraun Goggo a fuska, nasa a gwiwa, yana bin gidan da kallo daga zaure har turke, ya daɗe ƙwarai. Daga baya ya cire, ya goge shi da bakin rigarsa a hankali, ya miƙo mini da hannu biyu.

“Ki ce mata tabaraun ya yi. Ta riƙa sawa.”

“Ki ce masa na ji,” in ji Goggo.

Ya shanye furarsa, ya yi sallama, na raka shi. A zaure ya tsaya ya juya mini baya, yana ta gyaran hular da ba abin da ya same ta. Na ce, “Yaya, ban manna komai ba, ban kuma ce komai ba.” Ya ce ya sani. Ya ce, “Da na cire nawa ban ga komai ba sai inuwa-inuwa. Amma na san inda randa take, na san inda turmi yake, na san dutsen nan da muke tuntuɓe da shi muna yara. A gidan nan ko ni ba na bukatar ido. In na kai ta wurina, ko banɗaki sai an ja ta.” Ya ce wuta dai an gama, ba ita ba murhu. Muka shirya abinci zai riƙa zuwa daga gidana da rana, maƙwabciyarta kuma, wadda suka yi shekaru suna zaman amana, ta riƙa kawo na safe tana kwana da ita. Har ya sa ƙafa waje ya juyo ya ce, “Kada ki gaya mata na gane.”

Bayan 'yan watanni ya lallaɓa ta, ta bakina dai, ya kai ta asibitin ido a Kano. Suka ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce ta bushe, suka ba da maganin ɗigawa don a riƙe ɗan abin da ya rage. Daga Kano bai bi da ita ko'ina ba, ya sauke ta a ƙofar zaurenta. A gidan ta ƙarasa shekarunta, tana saƙa faifai da lalube, launi ɗaya, a cikin ɗakinta kuma Allah ya karɓi ranta.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yammacin waccan Asabar ɗin, bayan ƙarar motarsa ta ɓace na koma ciki. Na tarar ta cire tabaraun ta riƙe a cinya. Na fara tattara ƙwarya ina surutu, ina cewa ai ga shi an ci nasara, sai ta katse ni.

“Wace irin riga ya sa?”

Na yi kamar ban ji ba. Ta ce, “Na ji shirun da kuka yi. Wace iri ce?”

“Shuɗiya ce, Goggo.”

Ta gyaɗa kai. “Kuma ya ce za a wanke.”

Ta jawo mayafi ta rufe fuska. Na tsaya da ƙwarya a hannu, ban san ko in fita ko in zauna ba. Tun da na yi wayo a gidan ban taɓa jin ta danganta shi da kanta ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Daga cikin mayafin na ji ta ce, a hankali, “Allah ya yi wa ɗana albarka.”